Usta Zannun Ya Ɗauko Lamarudu

A duk bakin fiton Mosul, zamanin da Turkawa ke riƙe da gari, ba a yi mutumin da ya kai Usta Zannun zagin Lamarudu ba. In jakinsa ya turje, jikan Lamarudu ne. In mai awo ya tauye mudu, Lamarudu ne ya yi masa huɗuba. Ko ƙuda ne ya faɗa masa a gahawa, sai ka ji ya ce, "Kun gani ko? La'ananne ya mutu, amma bai kwanta ba." Mutane su yi ta dariya, shi kuwa har zuci yake yi, kai ka ce sarkin nan da ya shekara dubbai a ƙarƙashin ƙasa gonar ubansa ya ƙwace.

Sana'arsa tuƙin kalak, gadon uba da kaka. A jera salkunan fatar akuya masu ɗimbin yawa, a hura su, a ɗaure a ƙarƙashin itatuwa, a shimfiɗa kara a kai, a loda kaya, sai kogin Dijla ya ɗauka ya yi kudu har Bagadaza. Can a kwance kalak, a sayar da itacen, a fitar da iskar salkunan, a naɗe su a ɗora wa jaki, a tako ƙasa a dawo gida. Ruwa ya kai ka, ƙafa ta dawo da kai. Haka Zannun ya taso, haka ya yi gemu, haka gemun ya yi fari. Ya auri Wardiya, 'yar mai gasa gurasa ta bakin gada, suka haifi Yunus, wanda ya girma ya ce shi ruwa na sa shi amai, ya tafi ya zama masaƙi. Zannun ya ce wannan ma aikin Lamarudu ne.

Masu kalak na unguwarsu suna da wata ƙa'ida da ba a wasa da ita. Kowane ma'aikaci na iya hura salkunan tsakiya, amma guda huɗun da ke kusurwa, inda nauyi ke dannawa in kalak ya karkata, usta, wato shugaban kalak, shi kaɗai ke sa musu baki. Shi zai hura su a Mosul, shi zai ƙara musu iska a hanya, shi kuma zai kwance bakinsu a Bagadaza a gaban jama'a. Numfashinsa ne ke ɗauke da dukiyar mutane. Ranar da ya kasa, sai ya miƙa bututun karansa ga wani, ya tafi ya samu benci a gidan gahawar bakin fito, cikin tsofaffin nan da ke koya wa kogi gudu da baki. Daga ranar ba ɗan kasuwar da zai sake ba shi ko buhun albasa. Zannun kan wuce bencin nan ya yi musu sallama da ƙarfi, ya ce, "Sannunku da aiki!" Yana da bakin faɗa, don ƙirjinsa ya yi suna har Tikrit. Ana cewa ya taɓa hura salka sai da ta fashe, raƙumin wani Balarabe ya tsinke igiya.

Gabarsa da Lamarudu kuwa a ruwa ta samo asali. Ƙasa da Mosul, daura da tudun da ake kira da sunan sarkin, akwai wata tsohuwar madatsa ta manyan duwatsu da ta ratsa kogin. Kowa ya san shi ya gina ta, in ba shi ba wa zai yi wannan aikin mugunta? Tun daga nesa kake jin rurinta. Masu kalak suka ce ba ruwa ne ke ruri ba, Lamarudu ne ke nishin ciwon kai. Ai labarin ba ɓoyayye ba ne: ya jefa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cikin wuta, ya harba kibiya sama wai yana yaƙi da Mai sama, sai aka aiko masa da ɗan sauro ya shige hancinsa ya tare a ƙwaƙwalwa. Ba ya samun sauƙi sai an ɗauki takalmi ana jibgar kansa. Saboda haka in kalak ya doshi madatsar, duk wanda ke kai sai ya cire takalmi ya yi ta dukan itacen gaba, a ba mara lafiya maganinsa ya lafa har a wuce. Wanda ya ƙi, in kalak ya kife, shi ya san abin da zai faɗa wa matan mutane.

To, tsufa dai ba ya sallama. Wani sanyi ya zo ya bar wa Zannun tari, tarin ya zauna ya zama fuka. Salkar da a da yake cikawa yana hira, yanzu sai ya huta sau da yawa, yana yi kamar ƙullin igiya yake dubawa. Ba wanda ya gaya wa. Wardiya kam ba a gaya mata, ita ke dafa masa ganye da zuma kowace safiya.

Wata safiya ta ce, "Abu Yunus, ka sauka da girmanka mana. Benci ba kabari ba ne."

"Kabari ya fi shi, a kabari ba wanda zai ce maka sannu da aiki."

"Ai kai ka koya wa mutane faɗin haka."

"Ke dai ba ni zumar nan, ki bar wa liman wa'azi."

Ya yi dariya, amma tsoro ne fal cikinsa. Ba mutuwa yake tsoro ba, bencin nan yake tsoro.

Da bazarar shekarar, kogi ya cika ya batse, sai ga wani Ra'uf Afandi, magatakardan Turawan da ke tonon tudun tsallake, ya zo bakin fito da jar dararsa yana neman wanda zai kai musu dutse Bagadaza. Dutse kuwa ba ƙarami ba, bijimai ne suka jawo shi. An sassaƙa wani ƙaton mutum a jiki, gemu a nannaɗe, idanu a zazzare, ya maƙale zaki a hammata kamar yadda mace ke maƙale kaza za ta kasuwa. Jama'a na gani suka ja da baya, aka ce, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Ustocin nan kowa ya kawo uzuri, wannan salkunansa na gyara, wancan surukarsa ba lafiya. Zannun ma ya juya zai tafi, sai wani tsoho daga benci ya ɗaga murya ya ce, "Ku bar Abu Yunus, bana auduga kawai yake ɗauka."

Shi ke nan fa. Zannun ya dawo ya tsaya kan dutsen ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Afandi, ni zan kai shi. Shekara da shekaru yana kaɗa mini hanji a madatsa, yau zai hau kalak ɗina a rigingine, ya ji yadda ake ji."

Aka kwantar da dutsen a tsakiyar kalak, fuska sama, aka ɗaure. Ma'aikata biyu ne a kan filafilai, Shihab da ƙaninsa Allawi, ƙarti majiya ƙarfi. Ra'uf Afandi ya shimfiɗa darduma kusa da dutsensa. Na biyar ɗinsu shi ne Shammas Bahnam, majemin da ke yi wa Zannun salkuna tun suna samari, Kirista ne, ran Lahadi shi ke rera addu'o'i a cocinsu. Duk bazara yakan bi kalak ɗin abokinsa ya je ganin 'yarsa da ke aure a Bagadaza, ba ya biyan komai sai tsokana.

Ya ce, "Sannu, buhun iska. Yau kuma sarakuna ake ɗauka?"

"Hau ka zauna ta bayan iska, mai warin jima, kada ka tayar mini da shi."

Ba su yi nisa da ganuwar gari ba musu ya tashi. Zannun ya fara labarinsa na kullum, wuta da kibiya da sauro, yana yi yana nuna dutsen da ƙafa. Shammas ya bari sai da ya kai aya, sannan ya gyara zama.

"Ni fa a littafinmu ban ga sauro ba. Abin da aka ce, Nimrud ƙasaitaccen maharbi ne, shi ya fara zama mai ƙarfi a duniya bayan ruwan Ɗufana, ya kafa garuruwa, Babil da Erek da wannan tudun da za mu wuce. Dubi zakin da ke hammatarsa. Maharbi ne wannan."

"Littafinku ya manta da sauron ne. Ƙarami ne, ya faɗi wajen juya shafi."

"Sauron da ya kashe sarki ne zai faɗi ba a ji ƙara ba?"

Ra'uf Afandi ya yi gyaran murya. Mutum ne mai son a tambaye shi, da ya ga ba wanda zai tambaya sai ya tambayi kansa. Ya ce a tudun nan ba duwatsu kaɗai ake tonowa ba, har da alluna na yumɓu masu rubutu kamar sawun tsuntsu, kuma malaman Turawa sun fara karanta su. A ciki akwai labarin wani sarkin Warka, can kudu, mai kashe zakuna da hannu, wanda ya gallabi mutanensa da ginin ganuwa.

Ya ce, "Warka kuwa ita ce Erek ɗin taku, Shammas. Shi ya sa wasu malaman ke cewa mutum ɗaya ne da Nimrud. Wasu kuma sun ce a'a. Ni dai abin da na ji ke nan a bakin tanti."

Zannun ya ce, "To ya ƙare da sauro ko bai ƙare ba?"

"Babu sauro, Usta. Aboki yake da shi, abokin ya mutu a gabansa. Sai tsoro ya kama shi, ya ce ashe ni ma haka zan yi. Ya bar sarauta ya shiga duniya, har ya iske tsohon da ya tsira daga Ɗufana a cikin jirgi. Tsohon ya kwatanta masa wani ganye a ƙasan teku, wanda in tsoho ya ci sai ƙuruciya ta dawo masa."

Shihab ya ce, "Kai! A ina ake sayarwa, in kai wa surukina ya daina zama mana a gida?"

Aka yi dariya, ban da Zannun. Ya matso, ya rage murya kamar ba ya son a san ya tambaya.

"Ya samu?"

"Ya nutsa ya tsinko. A hanyar gida zafi ya dame shi, ya ajiye ganyen a bakin wani tafki ya shiga wanka. Maciji ya zo ya cinye."

"Duka?"

"Tas. Ya zauna ya yi kuka, ya koma gida hannu rabbana."

Zannun ya buga cinya. "Sakarai! Mutum ya sha wannan wahala, sannan ya ajiye abu a ƙasa ya tafi wanka? Ba ya da aljihu ne? Ba ya da baki ya tauna tun a can?" Faɗa yake yi sosai, har jijiyar wuyansa ta tashi. Shammas ya dube shi, ya ga wannan faɗan ba irin na kullum ba ne.

Da rana ta take suka iso Hammam Ali, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa. Ba mai kalak da ke wuce nan bai jiƙa gaɓoɓinsa ba. Shihab da Allawi suka ɗaure kalak suka haura, Afandi ya bi su da sabulunsa. Zannun ya ce shi zai tsaya ya duba kusurwoyi kafin madatsa. Dole ma ya duba, don nauyin dutsen ya danne kalak, kusurwa huɗun nan da ya hura da ƙyar da safe duk sun yi laushi, ta gaba ma har ruwa na lasar itace.

Ya kwanta rub da ciki, ya kwance bakin salkar da ke leƙowa tsakanin itatuwa, ya soka bututu, ya ja numfashi ya hura. Sai tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har hawaye, yana ji ɗan iskar da ke cikin salkar ma na zurarewa ta tsakanin yatsunsa. Ya sake gwadawa, ƙirjin ya ce bai san zancen ba. Ya kifa goshi a kan itace. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, ga shi kuwa a ganinsa ba kowa a wurin.

"Tun yaushe?"

Shammas ne. Ashe bai tafi wanka ba, yana kishingiɗe a inuwar dutsen.

"Tun sanyin nan da ya wuce."

"Wardiya ta sani?"

"Wadda ke kwana da tarin?"

"Ba ni karan."

"Ka yi hauka? Kusurwa ta usta ce."

"To usta ya hura mu gani. Ni dai 'yata a Bagadaza take jirana, ba a gindin madatsa ba. Abu Yunus, tun kafin ka yi furfura nake rera addu'a, tsohuwar kurmar da ke zama bayan ƙofar coci ma tana jina. Fatar nan kuma ni na jeme ta. Ba za ta yi mini baƙunta ba."

Zannun ya dubi hanyar wanka, ya dubi ruwan da ke lasar itace, ya miƙa bututun ba tare da ya ɗaga kai ba. Shammas ya tattare riga ya kwanta. Kai, ashe ƙirjin coci ma ƙirji ne! Salka ta tashi ta yi tam. Sai dai yana gama ta farko jiri ya ɗebe shi, ya lallaɓa cikin kayansa ya zaro wata kwalba ta araƙ, giyar nan mai ƙamshi kamar turare, wadda ya sayo wa mijin 'yarsa tsaraba. Ya kurɓa, wai maganin jiri ne. Zannun ya kau da kai ya ce a'uzu billahi. Haka aka yi ta yi, kurɓi ɗaya, kusurwa ɗaya, kuma a cikin su biyun ba wanda ya tsaya ya yi tunanin inda wannan numfashi yake shiga.

La'asar sakaliya suka fara jin rurin madatsa. Kowa ya cire takalmi. Sai Allawi ya tsaya da nasa a hannu, ya dubi yayansa, ya dubi dutsen.

Ya ce, "Usta, yau ga mai ciwon a kwance gabanmu. Me zai sa mu daki itace?"

Shihab ya ce, "Wallahi gaskiyarka! Magani a kan ciwo!"

Suka saki filafilai suka yi kan dutsen. Ra'uf Afandi ya ƙwala ihu, ya faɗa kan fuskar sarkin ya rungume ta, yana cewa kayan gwamnati ne, akwai hatimin Basha, gwamnan Turkawa. Takalmin da aka riga aka ɗaga kuwa ba ya komawa haka nan, sai a gadon bayan Afandi. Jar dararsa ta faɗa ruwa ta riga su yin gaba. Kalak ya fara juyawa a karkace, ruri na ƙaruwa.

Zannun ya daka tsawa, "Ku koma kan filafili, 'ya'yan jakai! Ku bar masa kai! Mutumin da maciji ya cinye wa ganye, ku kuma ku bi shi da takalmi?"

Suka kalle shi baki buɗe. Usta Zannun ne yau ke kare Lamarudu? Ba lokacin tambaya. Suka damƙi filafilai suka miƙe kalak, shi kuma ya durƙusa a gaba yana jibgar itace da takalminsa, Shammas na taya shi da nasa. Kalak ya hau, ya tsaya cak kamar yana shawara, sannan ya dulmiya da kusurwar gaba. Ruwa ya rufe su har ƙirji. Sai kusurwar nan ta yunƙuro ta taso, ta ɗago dutse da mutane da komai, suka faɗa ruwa mai sanyin hali.

Shihab ya yi kabbara. "Ƙirjin Usta! Na rantse, da wani ne ya hura kusurwar nan da yanzu kifi na karanta allunan Afandi!"

Zannun ya yi murmushi. Yabon ya ƙone shi fiye da zagi.

Daga nan har Bagadaza, kusurwoyi suna son ƙari kusan kullum, saboda haka kusan kullum sai Usta ya tuna ana bukatar wani abu a tudu. Ku je ku sayo gurasa. Ku je ku sayo albasa, ku tafi da Afandi ya miƙe ƙafa. Kafin su wuce Tikrit albasa ta kusa fin dutsen nauyi. Shammas na hurawa, kwalbar tsaraba na raguwa, Zannun na zaune gefen dutsen yana gadi. Tun yana kau da kai daga fuskar har ya fara yi mata magana. Wata tsakar rana Shammas ya ji shi yana cewa, "Kai ma ashe tsoro ka ji. Duk wannan gemu, duk wannan zaki." Ya ɗebi ruwa a tafi ya wanke ƙurar da ta taru a idon dutsen.

Shammas ya ce, "To yanzu wane ne shi? Naka mai sauro, ko nawa maharbi, ko na Afandi?"

"Wa ya sani? Wataƙila mutum ɗaya ne, kowa ya gan shi a shekarunsa daban. Naku ya gan shi yana saurayi, namu ya gan shi yana tashen girman kai. Na Afandi ne ya gan shi da gwiwa ta fara ciwo."

Ranar da suka shiga Bagadaza bakin fito ya cika maƙil, don labarin dutsen ya riga su. Ga sojoji, ga 'yan dako, ga masu sayen itace, ga kuma masu kalak 'yan Mosul da suka riga su sauka, waɗanda duk abin da suka gani sai ya isa gida kafin jakinka. Aka sauke sarki da igiyoyi da ihu. Aka jawo kalak gaɓa. Saura kwance kusurwoyi, aikin usta.

Zannun ya tsuguna, ya warware igiyar ta farko, ya danna salkar da gwiwa kamar yadda ya saba. Iska ta feso. Tare da ita wani ƙamshi ya tashi wanda warin akuya ma bai iya danne shi ba. Na kusa suka shaƙa, suka dubi juna. Wani tsohon ɗan dako ya sake buɗe hanci don ya tabbatar, ya ce, "Af!" Ƙamshin araƙ ne. Shammas ya sunkuyar da kai, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai Shihab ya fashe da dariya, dariya mai ƙarfi fiye da kima.

"Lallai Usta! Ashe ana ɗan taɓawa a ɓoye! Shi ya sa ake ta aiken mu sayen albasa! To ai ba komai, wa ya isa ya ɗauko Lamarudu ido biyu?"

Jama'a suka ɗauka, dariya ta zagaya. Zannun ya ɗaga kai ya dubi Shihab, ya ga bakinsa ne kawai ke dariya, idanunsa roƙo suke yi. Nan ya gane. Shihab ya san komai, wataƙila tun Tikrit, kuma ƙofa ce yake buɗe masa. Usta mai shan araƙ ba sabon abu ba ne a kogin nan, akwai su, kuma 'yan kasuwa na ba su kaya muddin kusurwa na tashi. Abin da zai rasa shi ne sahun gaba a masallaci, da fuskar Wardiya a cikin mata. Usta mara numfashi kuwa ba shi da sauran kogi. Ba a ma ce ya yi ƙarya ba. Dariya kawai zai yi, ya girgiza kai, ya kwance sauran ukun.

Wallahi ya so ya yi dariyar. Har ta taho maƙogwaronsa. Ya tuna bazara mai zuwa, da wadda ke bayanta, da rurin madatsa, da sanyin ruwa a ƙafa da sassafe. Ya kuma tuna cewa kowace tafiya sai ya nemi wanda zai kwanta rub da ciki a madadinsa, ana yaba wa ƙirjin da ba nasa ba, da dukiyar mutane da rayukansu a kai.

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Ya ce, "Ban taɓa sha ba, ba kuma zan fara da baki ba. Wannan numfashin Shammas Bahnam ne. Nawa ya ƙare tun Hammam Ali. Shi ya haye da ku madatsa, in za ku yaba ku yaba masa."

Dariya ta mutu. Ya zaro bututun karan daga ɗamararsa, ya goge shi da hannun riga, ya miƙa wa Shihab. Ƙaton nan ya ɓoye hannuwansa a baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Haba Usta. Da ka yi shiru mana."

"Karɓi, hannuna ya gaji. Ka kwance sauran ukun, ka kau da hancinka, kai ma mai sallah ne."

Shihab ya karɓa yana kuka, gemu duk hawaye. Shammas ya matso zai yi magana, Zannun ya ce masa, "Kai kuma ka je ka nemo abin da za ka gaya wa mijin 'yarka game da kwalbarsa."

Ya shekara da dama bayan nan a bencin gidan gahawa. Ranar farko tsofaffin suka haɗa baki suka ce masa, "Sannu da aiki!" Ya ce ya ci bashin wannan, su ci gaba. Labarin Lamarudu bai bar bakinsa ba, sai dai ya yi tsawo. Yanzu akwai zaki a ciki, da garuruwa, da aboki, da ganye, sauron kuwa sai can ƙarshe, wani lokaci ma sai an tuna masa. Liman ya ce ya cakuɗa sarakuna uku a tukunya ɗaya, shi kuwa ya ce to ai tukunyar ƙasarsu ɗaya ce. Shammas kan zo ran Litinin su yi musu har gahawa ta huce. In aka tambayi Zannun ko yana kewar kogi, sai ya ce Allah ya kiyaye, shi da ya huta da warin akuya.

Amma duk safiyar da ake haɗa sabon kalak a gabansu, usta ya kwanta a kusurwa ya soka bututu, sai hirar Zannun ta tsaya a tsakiya. Ka ga ya ja numfashi, kumatunsa sun kumbura, yana hurawa a hankali cikin iska, har sai an ɗaure bakin salkar. Bai san yana yi ba. Duk bencin sun gani, kuma har ya bar duniya ba wanda ya gaya masa.